A Bar Masu Goge-Goge Su Sa Takalmin Aiki A Cikin Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana kan wata taƙaddama da ke yawan tasowa tsakanin matan gida da masu yi musu shara da goge-goge: shin mai aiki za ta sa takalmi a gidan da ba a shiga da takalmi?

Uwar gida tana da gaskiya. Takalmin da ya taka kwata, ya bi ta kasuwa, ya shiga Keke Napep, bai da hurumi a falon da yara ke rarrafe, ake shimfiɗa tabarma a ci abinci, a kuma yi salla. Sai dai hana wannan takalmin daban, tilasta wa mutum ya wanke banɗaki ƙafa ba takalmi kuma daban. Ra'ayinmu shi ne mai aiki ta cire takalmin da ta zo da shi a bakin ƙofa, ta sa wani wanda bai taɓa fita waje ba, kuma masu gida ne ya kamata su saya, kamar yadda suke sayen bokiti da tsintsiya.

Wanda ya zo zumunci zama zai yi a kan kujera. Mai goge-goge kuwa awa uku ko huɗu za ta yi a tsaye kan tayil mai ruwan sabulu, kuma da yawa daga cikin tayil ɗin da ake sawa a gidajen yanzu masu sheƙi ne, da sun jiƙe sun zama kamar an zuba miyar kuɓewa. Faɗuwa a banɗaki ta fi muni, domin wurin ƙunci ne, kai ko ƙugu ba ya rasa abin da zai bugu da shi. Ga fasasshen kofin gilashi a ƙarƙashin kujera, ga allurar ɗankwali da reza, ga tafasasshen ruwa a kicin. Akwai kuma wutar lantarki: firji ko injin wanki da wayarsa ta saɓule kan yi jan da mai busasshen takalmin roba zai iya tsira daga gare shi, amma mai jiƙaƙƙiyar ƙafa a ƙasa wutar ratsa shi za ta yi.

Abin da aka fi rainawa shi ne magungunan wanki. Bilici irin su Hypo da Jik yana cinye maiƙon fata. Maganin wanke masai irin su Harpic kuwa asid ne ke cikinsa. Ƙafar da ke tsayawa cikin waɗannan sau uku a mako sai ta yi kaushi, faso ya buɗe, musamman da hunturu, tsakanin yatsu ya yi fari ya fara ƙaiƙayi yana saɓulewa. Ta wannan tsagar ce ƙwayoyin cutar ƙasan banɗaki ke samun hanya. Idan mai aikin tana da ciwon suga, likitoci sun hana ta yawo ba takalmi ko a ɗakinta, saboda ƙaramin yanka kan zama gyambon da ba ya jin magani. A nan bari mu ja kunne: kada a taɓa haɗa bilici da maganin masai don wai wanki ya fi fita, haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi.

Ba kowane takalmi ne zai yi ba. Silifas mai igiya tsakanin yatsu ba shi da amfani a wannan aiki. Ƙafa na zamewa a cikinsa in ya jiƙe, igiyar na tsinkewa, yatsu kuma a waje suke. Safa ta fi ƙafar tsirara santsi. Ledar da ake sanyawa a kan takalmin waje, irin ta asibiti, tana rufe zanen ƙasan takalmin da ke riƙe mutum, sannan takan yage ba a sani ba, dattin da ake gudu ya fita. A nemi na roba mai rufaffen gaba, mai maɗauri a dunduniya, mai zane mai zurfi a ƙasa, wanda ba ya barin baƙin shaida a tayil. A shafa ƙasansa da yatsa lokaci-lokaci, ranar da aka ji ya yi sumul aikinsa ya ƙare.

Biyu za a saya, masu launi daban. Ɗaya na falo, ɗakuna da kicin, ɗaya na banɗaki kaɗai, ba ya tsallake ƙofarsa. Kafet da wurin salla ba a taka su da kowanne, domin busasshen wuri ne mai laushi, babu santsi. Shi ya sa ake fara aiki daga ɗakunan kafet tun ƙafa na bushe, a koma tayil, sai kicin, banɗaki ya zo ƙarshe. Wajen goge ƙasa a fara daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa, don kada a taka inda aka goge.

Bayan an gama, a wanke takalman da sabulu da buroshi, a tsoma ƙasansu cikin ruwan bilici na minti goma. In bilicin mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ne, cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya ta ruwa ya isa. A ɗauraye, a jingine su su bushe sarai, domin takalmin da aka ajiye da danshi wari yake yi, ya kuma kawo ƙaiƙayin da ake gudu. A gidan za su kwana, mai aiki ba ta tafiya da su.

Hajiya, ki yi wannan magana da mai aikinki tun ranar farko, lokacin da ake cinikin albashi, ki tambayi lambar ƙafarta. Yawancinsu ba za su iya buɗe baki su nema ba saboda tsoron a ce sun cika iyayi. Kamfanonin tsaftace gidaje da ke Abuja, Kano da Kaduna su ma su riƙa tambayar ƙa'idar gida kafin su tura ma'aikata, su kuma ba kowa takalmin cikin gida a jakarsa daban, a wanke shi kafin a shiga gida na gaba.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar tsaftace gidaje, Kaduna.