Baba Ya Hana Ni Kaɗa Garaya, Ni Kuwa Yabon Ubangiji Nake So In Yi Da Ita

Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni yaro ne ɗan shekara 16, ina aji biyu na babbar sakandare a cikin garin Katsina. Mu Hausawa ne Kiristoci, asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. 'Yan ajinmu ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, ranar da Katsina United ke wasa a filin Muhammadu Dikko ko ƙeyarsu ba ka gani. Ni kuwa kiɗa ne ya shiga raina, musamman garaya.

Muna da maƙwabci, dattijo Musulmi, tsohon maharbi. In rana ta yi sanyi sai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya ɗauko garayarsa. Shi ya koya mini ɗaure tsirkiya biyun nan har su daidaita, ya nuna mini cewa da damina fatar kan saki, sai an ɗan shanya ta kafin ta ba da murya. Ko sisi bai taɓa karɓa ba. Yanzu ina iya fitar da wasu waƙoƙin sujada da ita, kuma wallahi in ina kaɗawa ji nake addu'ata ta fi fitowa daga zuci.

Da na ce wa Baba ina so in kaɗa ta a taron zumuntar matasa, nan take fuskarsa ta canja. Kakana ɗan bori ne kafin ya karɓi bangaskiya, da garaya ake yi masa kiɗa ya hau, kuma da hannunsa ya ƙone kayan borinsa kafin a yi masa baftisma. Baba ya ce abin da ubansa ya fitar daga gida ba zai dawo ta hannun jika ba. Ya ce in kiɗa nake so, ga jita ga piyano a majami'a. Tun ranar ban sake taɓa ta ba.

Anti, ba na ganin tsoronsa a matsayin shirme, ya ga abin da ni ban gani ba. Amma na karanta 1 Sama'ila 16, inda Dauda ke yi wa Saul kiɗa mugun ruhu ya rabu da shi, kuma Zabura 150 ta ce a yabi Ubangiji da kayan kiɗa iri-iri. Iyayenmu na zumuntar mata ma da tulu suke kiɗa kowace Lahadi. Me ya sa kayan kiɗan Turawa za su shiga majami'a, namu na gado ya tsaya a waje? Mu ba 'yan Katolika ba ne, amma da aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na Katsina a 2023, na ji daɗi ƙwarai, don na gaji da masu tambayata yadda aka yi Bahaushe ya zama Kirista.

To ga kuma Fitowa 20:12, ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka. Ba na so in koya a ɓoye. Mama ta ce in yi haƙuri har in girma, sai dai dattijon nan ƙarfinsa na raguwa, 'ya'yansa kuma babu mai sha'awar gadonsa.

Shin in roƙi fastonmu ya yi wa Baba magana, ko hakan zai zama kamar na kai ƙararsa? Dattijon kuma kullum yana tambayata lafiya ya daina ganina. Me zan ce masa wanda ba zai ɓata zaman maƙwabtaka ba?

Ɗanki,
wani matashi daga Katsina