Waƙoƙin muryoyi masu hawa-hawa na 1966 zuwa 1969: a dawo da su, amma a sa su daidai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka. Mu wasu ne a nan Yamai da sana'a ta haɗa mu a kan tsofaffin faya-fayan garmaho da gyaran kayan sauti. Tun da Brian Wilson na ƙungiyar Beach Boys ya mutu a watan Yunin 2025 yana da shekara 82 muke son yin magana a kan kiɗan da shi da tsararrakinsa suka bari, wato pop ɗin nan mai fara'a na ƙarshen shekarun 1960 da ake kira sikedelik. Kiranmu ga gidajen rediyo ne da samarin da ke aiki a situdiyo. Kiɗan ya cancanci a ware masa ko da awa ɗaya a mako, sai dai in aka sa shi ba bisa ƙa'ida ba, rabin daɗinsa a hanya yake zubewa.

Bari mu kawar da abu ɗaya tukuna. Sunan sikedelik daga al'adar shan ƙwaya ta wancan zamani ya fito, kuma ƙwayar ta yi wa wasu daga cikin mawaƙan illa, har da Wilson kansa. Ba wannan muke yabo ba. Abin da ke cikin faifan aikin kunne ne da haƙuri, kuma shi muke so a ji.

Gishirin wannan kiɗa muryoyi ne. A waƙarmu ta gargajiya, mawaƙi ya ba da baiti, ƴan amshi su karɓa, galibi dukansu a kan murya ɗaya. Su waɗannan kuwa mutum uku ko huɗu ne ke furta kalma guda a lokaci guda, kowa a matakinsa: wannan a do, wancan a mi, na uku a sol (sunayen matakan sauti ke nan, daga ƙasa zuwa sama), wani lokaci a ɗora na huɗu can sama da siririyar murya. Daga nan sai a sake ɗaukar su a kan abin da suka riga suka rera. A waƙar "Because" ta Beatles, ta 1969, John Lennon da Paul McCartney da George Harrison sun rera sau uku, shi ya sa kunne ke jin murya tara. A ƙarshen "God Only Knows", cikin faifan Beach Boys mai suna Pet Sounds da ya fito a watan Mayun 1966, muryoyi uku ne ke bin sawun juna, kafin wannan ta sauka waccan ta ɗauka, har sautin ya dushe. Wanda ya saba da amshi ba zai ji baƙunci a nan ba, zai dai ji an ninka masa abin da ya sani.

Abin mamaki shi ne ƙarancin kayan aikinsu. Faifan Beatles mai suna Sgt. Pepper, na 1967, a kan na'urar tef mai layi huɗu aka ɗauke shi a situdiyon EMI da ke Abbey Road a Landan. In layukan huɗu sun cika, sai a cakuɗa su a juye zuwa layi ɗaya ko biyu na wata na'urar, a samu sarari a ci gaba. Kowane juyi yana ƙara shuuu ɗin tef, kuma abin da aka cakuɗa ya cakuɗu ke nan: in ganga ta yi ƙara da yawa babu mai iya rage ta daga baya. Dole mutum ya san abin da yake so tun kafin ya taɓa maɓalli. Wilson a Los Angeles yakan tara ƙwararrun makaɗa, irin su Hal Blaine mai ganga da Carol Kaye mai jitar bas, su buga tare a ɗaki ɗaya, sannan a waƙoƙi da dama ya tattara kiɗan duka a layi guda na na'ura mai layi takwas, sauran ya bar wa muryoyi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ya fi ba muhimmanci.

Sautukan nan masu kama da mafarki kuwa duk da hannu aka yi su. Kukan da ke shawagi a "Good Vibrations" ta Beach Boys na'urar lantarki ce mai suna Electro-Theremin, Paul Tanner ya kaɗa ta. Sarewar da ke buɗe "Strawberry Fields Forever" ta Beatles Mellotron ce, wata na'ura mai kamar piyano da kowane maɓallinta ke jan guntun tef na kimanin daƙiƙa 8, in ka wuce haka sautin ya yanke. Waƙar ma ɗauka biyu ce da suka bambanta a sauri da mataki, aka ƙara wa ɗaya gudu aka rage wa ɗaya har suka haɗu. Shuuwar nan kamar jirgi na wucewa a "Itchycoo Park" ta Small Faces tef biyu ne masu ɗauke da abu ɗaya ake juyawa tare, ana ɗan jinkirta ɗaya. A Pet Sounds har ƙararrawar keke akwai, da haushin karnuka da jirgin ƙasa a ƙarshe. Mai neman inda zai fara, mu dai faifan Odessey and Oracle na Zombies muke fifitawa, na 1968, ko da yake ƙungiyar ta watse kafin waƙar "Time of the Season" da ke cikinsa ta yi kasuwa a Amurka a 1969. Sai Begin na Millennium, da "Never My Love" ta Association, da "Happy Together" ta Turtles.

Yanzu ga inda ake ɓata su. Na farko maganar lasifika ɗaya da biyu. A wancan lokaci an fi kula da haɗin mono (na lasifika ɗaya) a kan sitiriyo (na lasifika biyu, hagu da dama), domin rediyo da garmahon gida lasifika ɗaya gare su. Wilson ma kunnensa na dama kusan ba ya ji, a mono ya haɗa Pet Sounds, kuma sitiriyo na gaskiya bai fito ba sai 1997. Abin da kamfanin Capitol ya sayar a tsakani da sunan Duophonic mono ne da aka raba ta dabara, aka jinkirta ɓangare ɗaya kaɗan. In rediyo ta sake haɗe shi wuri guda, ɓangarorin biyu sukan cinye juna, sauti ya koma kamar daga cikin tulu. Sitiriyon faifan Beatles mai suna Rubber Soul, na 1965, kuma an tura muryoyi gefe ɗaya, yawancin kiɗa ɗaya gefen. To in waya ɗaya ta tsinke a bayan ampli, ko saurayi ya ba abokinsa kunne ɗaya na abin sauraro, ɗaya zai sha kiɗa babu mawaƙi. Ga mai watsa shiri, a nemi mono na asali in akwai shi. In babu, a tabbata layin hagu da na dama duka suna shiga na'urar haɗa sauti, a saurara a ƙaramar rediyo kafin a watsa.

Na biyu gudun garmaho. Kuran ɗinmu bolt 220 ne mai bugu 50 a daƙiƙa, na Amurka kuwa wajen 120 ne mai bugu 60. Tiransifoma tana gyara ƙarfin wuta, ba ta taɓa bugun. Tsohon garmahon Amurka da motarsa (injin da ke juya faifai) ke bin bugun wuta zai yi kashi biyar cikin shida na gudunsa a nan: maimakon juyi 33 da sulusi a minti, sai ya yi wajen 28, muryoyi su sauka da kusan rabin mataki uku, waƙar farin ciki ta koma kamar ta makoki. Gwajin ba wuya. A manna ƴar takarda a bakin farantin, a ƙirga: minti 3 ya kamata ya ba da juyi 100 cif. In ya ba da 83, matsalar bugun wuta ce, sai an canza ɗan ƙarfen kan motar da wanda aka yi don 50. In kuwa 96 ko 97 ne, ko gudun na hawa da sauka, bel ne ya saki ko man gindin farantin ya bushe. Wannan rawar gudu ta fi cutar da irin waɗannan waƙoƙi, saboda muryoyin suna daɗewa a kan sauti ɗaya, ƙaramar girgiza ma kunne zai kama ta.

Sai allura. Yawancin masu maganaɗisu nauyin giram ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi suke so, a bi abin da maƙerin ya rubuta. Ɗora dala a kan hannun garmaho don hana tsalle noman faifai ne kawai, kuma siraran muryoyin sama su ne farkon tafiya. A sa wayar garmaho a ramin ampli da aka rubuta phono, domin an rage bas an ƙara kaifi lokacin yanka faifan, wannan ramin ne ke mayar da su daidai. Gurnanin huuum kuma yawanci siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaure ba.

Zafin Afrilu da Mayu da ƙurar hunturu ba sai an gaya wa mutumin Yamai ko Tawa ba. Faifai a tsaye ake jera shi, ba a kife wani kan wani, nesa da taga da rufin kwano, kuma kada a bar shi cikin mota ko na rabin awa. A wanke da tataccen ruwa na farmasi da ƙyalle mai laushi, ana bin zagayen layukan, a bari ya bushe sarai kafin a mayar cikin riga. Ruwan pampo da na rijiya suna barin gishiri a cikin layi, shi ne ƙas-ƙas ɗin da ake ɗora wa tsufa laifinsa.

Ga samarinmu na situdiyo, kwamfuta ta ba ku layi fiye da abin da Beatles suka taɓa mafarki. Amma kwafar murya ɗaya a liƙa sau uku ƙara kawai take yi, ba ta kauri. Kaurin yana fitowa ne daga ɗan bambancin da ke tsakanin rerawa ta farko da ta biyu, shi ya sa in aka matse kowace murya da manhajar gyaran murya sai amshin ya zama siriri kamar na inji. A ɗauki jagora tukuna. Sannan a tsayar da mutum uku a kewaye da makirufo ɗaya, mai ƙarfin murya ya ja baya taki ɗaya, mai siririya ya matso. Su daidaita yadda suke buɗe baki a kan wasali, su yarda da inda za a ja numfashi da inda za a rufe kalma. A ɗauka, a sake ɗauka, a tura ta farko hagu kaɗan, ta biyu dama kaɗan. Wasulan Hausa masu tsawo suna zama daram a irin wannan jeri, sai dai a kula murya ta biyu da ta uku su riƙa hawa da sauka tare da jagora, don kada karin kalma ya juye ma'ana ta canza.

Mun gode da filin da ka ba mu, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu tara tsofaffin faya-fayai da gyaran kayan sauti, Yamai.