Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Ko Rabon Allah Bai Ishe Ni Ba

Assalamu alaikum, Malam.

Tambayar da ka jefo mini a bainar jama'a ta iso ni, bayan kiran da na yi ga magidanta su rubuta wasiyya tun suna da ƙoshin lafiya. Ka ce shin rabon gadon da Allah Ya yi a Suratun Nisa'i ne bai ishe ni ba, ko kuwa lauyoyi nake nema wa kasuwa? Maganar lauyoyi ba zan ɓata baki a kanta ba; mutanen garin nan sun san aikin rajista da na yi a kotun shari'a har na ajiye, sun kuma san gidan da nake kwana. Ta farkon ce ta sosa mini rai, domin imanina ka taɓa. Ka san ƙofar gidana, amma ka zaɓi lasifika, kuma na lura sai ranar da masallaci ya cika ka yi ta.

Ban taɓa cewa a rage wa kowa kasonsa ba. Babu wasiyya ga magaji, ba ta kuma wuce sulusi, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Ayoyi na 11 da 12 da ka kafa hujja da su, su ne suke nanata cewa rabo sai bayan wasiyya ko bashi. To, bashin da mamaci ya tafi da shi a cikinsa, wa zai biya? Hadisin Abdullahi ɗan Umar, cewa kada Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba ta a rubuce, a bakinka na fara jin sa.

Ka fi ni sanin cewa jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya samun ko anini muddin baffanninsa na raye. Na ga irin wannan yaro a barandar kotu, riƙe da bakin hijabin uwarsa, ana kasafta gidan da aka yanke masa cibi. Saboda irinsa Masar ta kafa dokar wasiyya ta wajibi a 1946, wadda ke ba irin wannan jikan kaso ko da kakan bai yi masa wasiyya ba. Mu a nan sai kakan ya tuna da shi daga sulusinsa. In ma kyauta ya yi masa da baki, bai damƙa ba har ciwon ajali ya kama shi, a Malikiyya kyautar ta ɓaci.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shirun da kuke yi, Malam. Mace tana takaba, ƙanin miji ya karɓe makullin shago tun ba a yi sadakar uku ba. Gona ta shekara ashirin a hannun babban wa, ƙannensa mata ba su ga ko damin gero ba. Tumunin da Allah Ya ba matar mamacin, wato kashi ɗaya cikin takwas, sai ta yi ta zaryar kotu kafin ta same shi. A kan waɗannan nake jiran huɗubarka ranar Juma'a mai zuwa, kuma zan zo da wuri.

Wassalam.