Nazarin Littafi Mai Tsarki ranar Laraba

Ƴan'uwa cikin Almasihu, barkanmu da yamma.

Ranar Laraba da ƙarfe 5 za mu haɗu a majami'a. Batunmu arziki ne da ƙaunar Allah da dukan zuciya. Kowa ya karanta Luka 12:13-21 da Markus 12:30 kafin ya zo.

Ni na roƙi Fasto a ɗauko batun, don ya taɓa ni. Lahadin da ta wuce ana waƙa, bakina na bi, amma hankalina na kan buhunan waken da na aika Jibiya ta Ɗan Isa, har ina lissafin canjin naira da sefa a bayan takardar waƙoƙi. Na ji kunya ƙwarai. Manomin nan na Luka bai yi sata ba, gonarsa ce ta yi albarka. Rumbu ne ya cika masa ido har ya manta da Mai bayarwa, a daren kuma aka karɓi ransa. Neman na kai ba laifi ba ne, Ibrahim ma mai dukiya ne. Abin da ke damuna shi ne yadda muke auna albarka da girman shago.

Iyaye mata, ku taho da matasa. Masu babur, don Allah ku ɗauko tsofaffinmu da ke nesa.