Ƙirƙirar Kalmar Raha Ma Tana Da Ƙa'ida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan kalmomin ban dariya da matasa ke ƙirƙira a Facebook da WhatsApp. Wasu dattawa na cewa ɓata harshe ne. Ni dai ban ga laifin sara ba, don kowane zamani da tasa. Abin da ke kashe yawancin kalmomin nan kafin su yi sati shi ne ba a zuba su a cikin mazubin da Hausa ta tanada ba.

Mazubi mafi sauƙi shi ne ɗafin "-au". Bahaushe na kiran mai yawan mantuwa "mantau", mai yawan makara "makarau". A ɗauki aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, a cire wasalin ƙarshe, a liƙa "-au", a sauke murya a gaɓoɓin farko, a ɗaga ta a ta ƙarshe. Da haka "latsa" za ta ba mu "latsau": mutumin da kake yi wa magana yana ta "uhm, uhm", babban yatsansa na kan waya. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, kunne ya riga ya san hanyar.

Na biyu, kuma a nan ne dariyar ta fi yawa, shi ne harɗa aikatau da suna, irin "hana-sallah" da "fasa-ƙwauri". Sirrin yana wajen furuci: akan sauke murya a kan aikatau ɗin, a ɗan ja wasalinsa na ƙarshe. In ba a yi haka ba, umarni aka bayar, ba suna aka raɗa ba. "Sha-data" zai dace da wanda ya ari wayarka don kira ɗaya ya ƙare da kallon bidiyo goma. Har jimla sukutum Hausa kan mayar suna, kamar yadda aka kira tangaran "faɗi-ka-mutu". A kan wannan sawun sai mu sami "gani-ka-share", wato saƙon da alama ta nuna an karanta amma amsa shiru. Akwai kuma "ɗan ga-ni-nan", wanda ke rantsuwa ya kusa isowa alhali ruwan wanka yake nema. Jam'insa ba wahala, "'yan ga-ni-nan", kuma suna da yawa.

Ɗafin "-anci" na harshe ne ko salon magana. "Uzuranci" ke nan, yaren wanda ake bi bashi idan wata ya ƙare.

To ina ake tuntuɓe? Da farko baƙaƙe biyu ba sa haɗuwa a farkon kalmar Hausa, shi ya sa muka ce "direba" da "firamare". Wanda ya aro tushe daga Turanci bai raba baƙaƙen da wasali ba, kalmarsa za ta tsaya a rubuce, baki ba zai ɗauke ta ba. Sai karo da ma'anar da ta riga ta zauna. Wani zai so ya kira mai yawon neman caja "cajau", amma "caji" na batir ne kuma na ofishin 'yan sanda ne, mai sauraro sai ya zaci mai yawan shiga hannu ake nufi. Ga kuma rubutunmu da ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka sabuwar kalma gara a fara jin ta a saƙon murya kafin a gan ta a rubuce. Kuma a sa karan ɗori tsakanin sassan harɗaɗɗiyar kalma, in ba haka ba "sha data" jimla ce kawai.

Kalmar da aka gina kan nakasar wani ko ƙabilarsa kuwa, wannan zagi ne aka sa masa riga. A tsaya kan hali, tunda shi kowa na da rabonsa.

Ina ba wannan jarida shawara ta ware ɗan gurbi duk mako, masu karatu su riƙa aiko da kalma ɗaya, da ma'anarta, da jimlar misali guda. Wadda edita ya karanta bai murmusa ba sai da ya duba ma'anar, a ajiye ta gefe.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.