Zuwa ga ɗana, kan amfilifayar bes ɗin da kake son saya

Assalamu alaikum ɗana,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya 'yan ƙungiyar taku. Na ga hotunan amfilifayoyin da ka turo kace in zaɓa maka ɗaya mara nauyi wadda zaka riƙa fita wasa da ita. Toh ni dai ba zan zaɓa maka ba, kai zaka riƙa ɗaukarta kai zaka riƙa tsayawa a gabanta, amma zan faɗa maka abin da zan duba da ni ne mai sayen, dan na lura duk hotunan nan lambar wat kawai ka bi ka zagaye da jan layi, ba wanda ka nuna min sifikarsa ko bayansa.

Ku 'yan yanzu wallahi kun huta. Ampeg SVT da ta fito a 1969, wadda ba mai kaɗa bes, jitar nan mai kaurin sauti, a zamaninmu da bai yi mafarkinta ba, wat 300 ce, amma hed ɗinta kaɗai, wato ɓangaren wutar da ke ƙara sauti ba tare da sifika ba, ya haura kilo 35, akwatin kuma mai sifika takwas 'yan inci 10 ya fi shi nauyi ma, har firij ake ce masa, mutum biyu ke kama shi suna nishi. Nauyin hed ɗin nan yawanci manyan taransfomomin da ke ciki ne, tagulla da ƙarfe zalla. Na yanzu an sake musu tsarin wuta an cire wancan ƙaton taransfoman, yawancinsu kuma kilas D ne, basa ɓarnar wuta basa zafi sosai, shi yasa zaka ga Little Mark III na Markbass wat 500 ne amma bai cika kilo 3 ba, MB200 na Gallien-Krueger ko kilo ɗaya bai kai ba, a aljihun jakar jitarka ma zai shige. Kaga kenan maganar nauyin hed an riga an gama ta, kar ka ɓata lokacinka kana auna wanne yafi wanne da rabin kilo. Nauyin da ya rage yana akwatin sifika, kuma abin haushin sautin ma a can yake.

Maganar wat ɗin da ta ɗauke maka hankali, ba girin-girin ba dai ta yi mai. Idan ka ninka wat, kace daga 250 zuwa 500, desibel 3 kacal ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, zaka ji ɗan bambanci shikenan, kafin kunne yace ƙara ta ninka sai ka ninka wat ɗin wajen sau goma. Sannan bes ba irin jitar abokinka bace. Tsirkiyar E ta ƙasa a bes tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, in mai tsirkiya biyar ce B ɗin nan tana sauka har wajen 31, jita kuwa a 82 take farawa, kuma irin wannan sautin na ƙasa ba ya fita sai an tura iska mai yawa, iskar kuma faɗin sifika ne da yawanta ke turawa. Ka ɗura wa 'yar sifika ɗaya mai inci 10 wat ɗari biyar, kana buɗe ta zaka ji ta fara faf-faf-faf tana neman yagewa, amma ka kawo irinta ta biyu ka ɗora a kai, ba tare da ka taɓa komai ba zaka ji ƙasa ta cika. In kaga kwali an rubuta wata ƙatuwar lamba, nemi inda aka sa RMS, ita ce ta gaskiya, ɗayar ta talla ce.

Ma'auninka kuma mai gangarku ne. Naji kaɗansa a bidiyon da ka turo kwanaki, yaron nan ba ya tausayin fata. Ƙananan nan irin Rumble 40 na Fender suna da daɗi a ɗaki, kuma sun isa in wasan zaune ne da jita da murya, amma da zarar ganguna sun shigo zaka ga yatsunka suna motsi kunnenka bai jin komai, sai ka fara finciko tsirkiya da ƙarfi, kafin a tashi hannu ya sage kiɗan ma ya lalace. Da mai ganga irin naku kar ka sauka ƙasa da wat 300, da sifika biyu 'yan inci 10 ko ɗaya mai inci 15, biyu 'yan inci 12 kuwa sun fi min duka. Ba dan ka ƙure ta nake cewa ka sayi mai ƙarfi ba, dan ta riƙa aiki a rabin ƙarfinta ne, in an zo wurin da waƙa ta tashi ka daki tsirkiya ta amsa maka tsaf.

Yanzu juya bayanta ka karanta ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa. Yawanci wat ɗin da suke talla da shi sai a om 4 ake samunsa, om ɗin nan shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shigarta. Little Mark ɗin da na ambata 500 ne a om 4, amma a om 8 ya koma 300. Rumble 500 ma haka, ita kaɗai 350 take bayarwa, sai ka jona mata ƙarin akwati take cika 500 ɗin, duk da haka kombo ce mai kyau, wato hed da sifika a akwati ɗaya, sifika biyu 'yan inci 10 kuma nauyinta wajen kilo 16 da rabi ne. Lissafin ba wuya, akwati biyu masu om 8 in ka haɗa su sun zama 4, biyu masu om 4 kuma sun zama 2, kuma mafi yawan waɗannan ƙananan basa ɗaukar ƙasa da 4, ko ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakiyar waƙa ko ta ƙone gaba ɗaya. Dan haka in akwati ɗaya kuɗinka zai saya yanzu, ɗauki mai om 8, kar mai shago ya ruɗe ka da cewa mai om 4 zai fitar maka da duk ƙarfin, gaskiya ya faɗa amma ya rufe maka ƙofar ƙari.

Ni a ra'ayina hed daban akwati daban yafi, ƙananan akwati biyu maimakon ƙato ɗaya. Ƙaramin wuri ka ɗauki ɗaya, babban fili ka ɗauki biyun, in kuma wurin suna da nasu akwatin sai ka saƙa hed a jaka ka tafi abinka. Kombo ma ba laifi in kana son ka sunkuci abu ɗaya ka wuce, nasan halinka da mantuwa, ko kaɗan ba zan yi mamaki ba in ka isa wurin wasa ka tarar ka baro waya a gida. Akwatin ka nemi mai maganaɗisun neodymium, ɗan ƙarami ne amma yana aikin babban na da, tare da katako mara nauyi shi ke rage kilo da yawa. Kuma kar ka yarda da lambar kilo a takarda, ɗaga shi da hannunka ka yi tafiya da shi, in da bene ka hau, wani akwatin ba nauyi gare shi ba amma an sa masa mariƙi a inda duk taku sai ya doki gwiwarka, ka kuma auna faɗinsa da ƙofar motar da kuke shiga.

Hed ko kombon da ba shi da DI, ramin XLR ɗin nan mai ƙafa uku, ajiye shi ko nawa aka rage maka. A babban wuri ba amfilifayarka ce ke ciyar da jama'a ba, injiniyan sauti ne zai ja ka zuwa mikisa ya fitar da kai ta manyan sifikun wurin, taka ta zama ta jin kanka kai da mai ganga. Duba ko akwai maɓallin pre da post, in ka sa a pre duk murɗe-murɗen da kake a sitej ba zai taɓa abin da yake karɓa ba, za ku rabu lafiya. Da wanda aka rubuta ground lift, ranar da wani huuuu ya cika sifiku kowa yana kallon kowa, sau da yawa danna shi kawai ke kashe maganar.

Ranar gwaji tafi da taka jitar, ta shago an gyara ta dan ta yi daɗi. Sa duk maɓallan sauti a tsakiya, in sai ka murɗe wani har ƙarshe kafin ta yi maka daɗi toh ba taka bace. Roƙi izini ka buɗe ta sosai, ka zauna kan tsirkiyar ƙasa na ɗan lokaci, sannan ka ba wani ya kaɗa kai ka ja baya can nesa ka saurara, dan abin da kake ji a gindinta daban yake da na wanda ke tsakiyar fili. Kashe sauti kuma ka ji fankarta, wata tana da ƙara. A sitej kar ka manna ta da bango ko ka jefa riga a kanta, iska take buƙata, kuma kusurwa tana kumbura bes har ya zama gurnani, in kaji haka ja ta gaba ka rage na ƙasan ka ɗan ƙara na tsakiya, shi ke sa a ji ka cikin ƙungiya.

Rashin nauyin ma da tasa matsalar, hed mai kilo biyu kana taka waya ko ka matsa gaba kaɗan sai ya biyo ka ya faɗo ƙasa, dan haka ka fara zura wayar jitar ta cikin mariƙin akwatin kafin ka soka ta. Tsakanin hed da akwati wayar sifika zaka sa, in da hali mai kan Speakon da ke kullewa, kar ka kuskura ka sa wayar jita a wurin dan kaga kan ya shiga, siririya ce zata yi zafi ta jawo maka asara. In daga wata ƙasa zaka yi odarta duba ko ta bolt 120 ce ko ta 230, ba duka ke karɓar biyun ba.

Ka haɗa da abin toshe kunne irin na mawaƙa a cikin sayayyar, kana tsaye dab da faranten gangan nan dare bayan dare, wannan ba shawara bace umarni ne, mamanka ma tace in faɗa maka, tana gaishe ka. In ka tsayar da guda biyu ka ɗauko min hoton bayansu yadda rubutun zai fito sosai ka turo kafin ka biya.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka