Game da renon tsiron furen dijital a Damagaram

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da masu sha'awar furanni, musamman waɗanda dangi ke kawo wa iri daga Turai. Bara ƙanena ya zo mini da irin wani fure da Faransawa ke kira dijital, wanda furanninsa ke jeruwa a kan doguwar sanda kamar ƙananan ƙararrawa masu kallon ƙasa, kuma tun watan Nuwamba na wancan shekarar nake renonsa a gidana da ke Birni.

Irinsa mitsi-mitsi ne kamar na taba, kuma ba a binne shi, domin sai ya sami haske yake tsirowa. Yayyafa shi ake yi a kan ƙasa mai laushi cikin kasko mai huda a gindi, a danna da tafin hannu. Yana son sanyin digiri 15 zuwa 20, saboda haka a wurinmu ba shi da lokaci sai hunturu, kuma cikin mako biyu zuwa uku yake fitowa.

Inda na yi kuskure shi ne wajen ban ruwa. Tsoron iskar hunturu ya sa nake kwarara masa ruwa da buta safe da yamma, sai wata safiya na tarar da fiye da rabin tsiron a kwance, gindin kowanne ya sirance kamar zare daidai inda ya taɓa ƙasa. Cutar ruɓewa ce da damshi da cunkoso ke jawowa, kuma wanda ta kayar ba ya tashi. Daga nan na koma ajiye kaskon cikin faranti mai ɗan ruwa har ƙasar ta sha daga ƙasa, ba na ƙarawa sai na taɓa da yatsa na ji saman ya fara bushewa. Da ganyen gaskiya ya fito, wato wanda ke biyo bayan ƙananan ganye biyu na farko, sai na rarraba su, ina ɗago saiwar da tsinke, ina riƙe ganye, ban taɓa kara ba.

A shekarar farko ganye kawai yake shimfiɗawa, sai a ta biyu yake fure bayan ya sha sanyi irin na ƙasarsa, alhali zafin Afrilu a nan yana wuce digiri 40. Cikin goma sha biyu da na dasa, uku ne suka tsallake bazara a ƙarƙashin rumfar zana, kuma ba zan yi wa kowa alkawarin fure ba.

Abin da ya fi damuna, Malam Edita, shi ne guba. Ganye da fure da irin wannan tsiro duka suna iya rikita bugun zuciya har su kashe mutum ko dabba. Gaskiya ne wani likitan Ingila, William Withering, ya bayyana amfaninsa ga masu kumburin jiki a 1785, kuma daga dangin wannan tsiro ake samun maganin zuciya na digoxin, amma wannan aikin likita ne da awo. A gidajenmu kuwa akwai awaki, da yara, da iyayenmu mata masu tsinkar ganye domin kwaɗo. Ina roƙon duk mai ba da wannan iri ya faɗi haka tun kafin ya miƙa shi. Nawa suna kan dakali mai tsawo bayan shinge, kuma ina wanke hannu da sabulu duk lokacin da na taɓa su.

Wassalam,
Wani mai renon furanni,
Birni, Damagaram